Akwati Biyu, Igiya Ɗaya

Nahuel, ga tebur na bar maka.
Ƙafarsa ɗaya gajera ce, ka sa mata kwali.
Tagar tana kallon tashar jiragen ruwa,
kada ka zauna ƙirga su;
na ƙirga shekara guda, ko layi ba su rubuta mini ba.

Shekara biyar ina bin masu tuƙa akwatunan ƙarfen nan
da ke hawa tuddan Valparaíso da mutane a ciki.
Na je musu da tambaya goma sha takwas,
kowace da lambarta, tsaf kamar kayan kanti.
Don Eleuterio ya saurare su duka,
ya goge man inji a wandonsa,
ya ce, "Yarinya, kin ci abinci?"
Ranar ban samo amsa ko ɗaya ba,
sai burodi da shayi
da izinin dawowa.
To ka koma. Ka sake komawa.
Zuwan farko gaisuwa ce, hira sai a na uku.

Ka riƙe batir biyu.
Takardar yarda ka karanta musu da bakinka,
akwai mai sa hannu don kunya, bai duba ba.
In mutum ya yi shiru, kada ka cike masa shirun.
Maganar da ta fi nauyi a kundina
ta fito ne bayan daƙiƙa arba'in ba mai motsi,
sai kukan igiyar ƙarfe.

Ka kwafe hira a daren da ka yi ta,
tun muryar tana da ɗumi a kunnenka.
Awa ɗaya ta baki, shida ce ta hannu;
bayanka zai zage ka, ƙyale shi.
Ka ajiye a wuri uku.
Girgizar ƙasa, 'yar ƙarama ma,
ta kifar da kofi a kan kwamfutata,
hira tara suka tafi ba sallama.
Gemuna ya riga ya ƙone, shafa wa naka ruwa.

Sauya musu suna.
Eleuterio ma aro ne, shi ya zaɓa,
sunan wansa da teku ta ci.

Ka yi ɗan littafi naka kai kaɗai:
wa ya ba ka haushi,
wa ka gaskata tun bai buɗe baki ba.
Mudun da kake awo da shi, kai ne,
gara ka san inda ya lotsa.

Jigo ba ya faɗowa daga sama.
Na yanka takardu da almakashi, na baza a ƙasa,
na tara, na rushe, sau huɗu,
kyanwar maƙwabta tana kwana a kan tarin "gajiya".
Wanda maganarsa ta saɓa wa ta kowa, kada ka ɓoye shi,
shi zai tsaya maka ranar kare kundi.
Kuma in na ashirin da shida ya maimaita na ashirin da biyar,
naɗe gugarka.
Rijiyar ta ba da abin da za ta bayar.

Farfesa Arancibia ba ta iya gyara farar takarda.
Kai mata babi ko da gurgu ne.
Jan bironta ba jininka ba ne,
ko da yake wata uku na yi ina sauya hanya don kada mu haɗu.

Abu na ƙarshe, a wurin tsohon na koya.
Akwati biyu ne, igiya ɗaya,
ɗaya ba ya hawa sai ɗaya ya sauka.
Na sauke babi guda, shafi sittin,
wanda na fi so, wanda na rubuta ina kuka.
A makon kundin ya fara hawa.

Kafin a ɗaure shi na kai masa.
Ya auna nauyinsa a tafin hannu,
ya nemo sunansa na aro, ya bi layin da baƙin yatsa,
ya ce, "Ba tsoron igiyar na ce ba,
girmama ta na ce."
Na gyara a tsaye, akwatin yana hawa da mu.

Digirin digirgir ke nan, ɗan'uwa.
Makulli yana bayan kalanda.
Butar shayin tana yoyo, kada ka cika ta.