Laraba a Ɗanbushiya

Bayan gada, inda kwalta ta ƙare ba sallama,
gonar masarar bara ta zama fegi huɗu.
Unguwar na tsawo kamar yaro ɗan sha uku,
kowane wata sai wandonta ya ɗage.
Nan ba wanda ya san kakan wani.
Maƙwabci bulo ne, maƙwabciya tulin yashi.
Shi ya sa muka zaɓe ta.

A wayata sunanka Mai Tayil.
A taka, ka ce, ni ce Mai Burtsatse.
Muka yi dariya har ka ƙware da ruwan leda.

Laraba, in na rufe kantin magani a Kawo,
keke ya kai ni bakin masallacin da bai samu rufi ba,
saura a ƙafa, takalmi a hannu in an yi ruwa,
jar laka na rubuta duk inda na taka.
Baƙar ƙofa, ta uku bayan injin markaɗe.
Baba Ayuba mai gadi ya kan sunkuyar da kai ga rediyonsa.
Rashin gani ma sana'a ce,
ba kowa ya iya ta ba.

Ɗakin na warin ɗanyen fenti.
Fanka ɗaya, ƙwan sola,
tsire a takarda, yaji ya fi nama yawa,
labulen da ba a cire masa farashi ba.
Sharaɗi uku, ni na gindaya biyu:
ba hoto, ba kira bayan isha'i.
Kai ka ƙara: ba gobe.

Na ga takalmin yaro a bayan motarka,
ɗaya tak, ƙafar hagu, da ɗan Micika a jiki... a'a, ɗan zomo ne,
ban ce komai ba.
Ka ga tabon tiyata a ƙasan cibiyata,
ka ɗora hannu,
ba ka ce komai ba.
Duk cikin maganar da maza suka taɓa yi mini
wannan shirun ne na fi riƙewa.

Ran nan ruwa ya tsare mu, ba ka da canji,
ka ce bari in turo miki na keke.
Waya ta yi ƙara a jakata tun ban kai gada ba.
Dubu uku, daga Mudassiru Tanko.
Ashe ba Kamal ba ne.
Na yi niyyar fushi, sai na tuna
bankina ma ya gaya maka Barira ce,
ba Ziza ba.
Laraba ta zagayo, ka ce sannu da zuwa Ziza,
na ce yawwa Kamal.
Ƙaryar da biyu suka riƙe bakinta
tana ɗaukar ruwa kamar ƙwarya.

Amma unguwa ba ta tsaya jiranmu ba.
An kafa turaku, an ja waya.
Masallaci ya samu kwano, ya samu lasifika.
Inda tulin yashi yake, yanzu shagon caji ne,
kuma makon jiya, daga bayan sabuwar katanga,
wata murya ta ce: Anti Barira, ke ce a nan?
Matar da nake sayar wa maganin hawan jini.
Na ce fili na zo dubawa.
Ta ce Allah ya sa alheri, ai wurin yana tashi.

Yana tashi kuwa.

Ka turo saƙo: an ce can gaba, wajen Keke,
har yanzu daji ne.
Na karanta sau biyu, tsaye a bakin gada,
kogi ya cika ya yi ja, yana wucewa da kayan mutane.
Sai yaushe za mu daina gudu a gaban gireda?

Ban amsa ba tukuna.
Na dai wanke takalmina.
Lakar ba ta fita duka ba.