Asabar ɗin Baƙo

Fanna, kin tambaye ni a waya:
in baƙo ya rufe littafi a Zazzau,
ina yake zuwa?

Da hantsi ina bakin dam na jami'a.
Akwai wani tsoho, Malam Tanimu, mai ƙugiya,
tun zuwana ban ga ya ciro ko tarwaɗa ba.
Sai in zauna gefensa,
mu raba rake, mu raba shiru,
har rana ta miƙe a kan ruwa.

La'asar sakaliya Ishaya ɗan Wusasa ya iso da babur,
shi gaba, ni tsakiya, Ɗanliti a kan ƙarfe,
mu ratsa Kwangila kowa na kiran Ubangijinsa,
mu faɗa Sabon Gari, aljihu fayau.
Agogo ɗaya na taya sau huɗu a wata.
Yanzu mai shagon kujera yake turo min,
ya ce, "Ɗan Nijar, zauna ka huta da tayawa."

Har yau in aka ce ɗari biyar
sai kaina ya mayar da ita sefa
kafin hannuna ya yarda.
Ran da na ce a miƙo min buteli
dariya har da riƙe ciki.
Su kuwa su ce yarinyan nan kyakkyawa ne,
in haɗiye tawa dariyar,
baƙo ba ya gyara wa mai gida magana,
sai dai ya adana ta don ranar komawa.

Bayan isha'i, rumfar kallon ƙwallo a Hayin Dogo.
Benci ya ɗauki takwas, mu sha ɗaya ne.
Na zaɓi kulob ba don na san shi ba,
don dai Ɗanliti ya tsane shi.
Janareto ya yi tari daidai bugun fenariti,
duhu ya rufe mu,
mutum hamsin suka yi salati da baki ɗaya,
har da Ishaya, da bai san ya yi ba.
A duhun nan babu wanda ya san
wane ne ɗan gari, wane ne mai wucewa.

Daga nan sai teburin mai shayi.
Wata uku ina shan shayinsa
kafin ya ji na ce "lakwal",
ya aje ludayi, ya dube ni:
"Kai, na ina ne?"
Ashe mutumin Matamai ne.
Tun ranar madarata ta fi ta kowa kauri,
kuma ba ya ƙirgawa.

Sau ɗaya muka hau Kufena.
Su suna ɗaukar hoto, ni na juya arewa
ina neman duwatsun Damagaram.
Gonakin masara kawai na gani,
da hayaƙin wani ƙauye, da shirwa.

Ki ce wa Inna ban rame ba.
Ki ce ina da inda nake zuwa.
Kilishin da kika aiko ya ƙare tun Talata,
Ɗanliti ne, ya rantse ɗanɗanawa kawai zai yi.
Takardar da kika naɗe shi
tana cikin akwati, har yanzu da ƙanshinta,
na kasa yarwa.