Ɗinkina a Sama

Shekara talatin da ɗaya ina walda a Suame,
duk abin da na ɗinke ƙasa yake bi:
salansar tirela, gadon tifa,
ƙofar motar haya da ta gaji da mari.
Tartsatsi ya tafi da idona na hagu,
na dama ya saura yana mini gadi.

Wata Talata, ruwan Kumasi na dukan kwano,
yarinya ta shigo da takalmin soja,
ta shimfiɗa takarda a kan bencina,
ta danne kusurwarta da sifana.
Ta ce, Baba Mairiga, tanki nake so,
marar nauyi kamar busasshiyar ƙwarya,
kada ya yi ko gumi.
Na ce, na wace mota?
Ta ce, wadda ba ruwanta da ramin hanya.

Sau huɗu tana dawo mini da shi.
Ta ɗora a sikeli, ta kaɗa kai.
Giram tamanin!
A kan nauyin da bai kai ƙosai uku ba
na kwana biyu ban leƙa Aboabo ba.
Yarona Kwaku ya ce mu mayar mata da kuɗinta.
Na ce, gobe ka zo da wuri.

Wata tara shiru. Sai ga mota an aiko.
Fili, shinge, rumfa mai faɗi,
a ciki wani abu ya baje fiffike
kamar shamuwa tana shan hantsi.
Babu kujera. Babu taga.
Ido ɗaya a ƙarƙashin haɓa.
Na ce a raina, ashe ɗan'uwa ne.

Ta ce in ya tashi da asubar Litinin
sai la'asar ɗin Talata zai nemi ƙasa.
Ba ya gyangyaɗi, ba ya kewar gida,
ba wanda zai yi masa addu'ar sauka lafiya.
Ta ce, ba a akwati aka sauke shi a Tema ba.
Fiffiken hannunmu ne, wayoyin hannunmu ne,
cikinsa kuma, Baba, naka ne.
Na sa yatsa na lalubo ɗinkina,
layi ɗaya, sumul, kamar kitson sallah.

A ranar na saya wa Kwaku shinkafa da wake,
har da kifi, har da ƙwai,
ban gaya masa dalili ba.

To amma ina da ƙane, Labaran,
can arewa, kusa da iyaka.
Albasa yake ɗaukowa a babur,
da dare, don rana na dafa ta a buhu.
Fitilarsa ta mutu tun bara.

Na koma na tambaye ta:
daga inda abin nan yake tsayawa,
buhun albasa da buhun harsashi,
wanne ya fi kama da laifi?
Ta ce, shi gani kawai yake,
mutum ne ke zaune gaban allo.
Na ce, shi mutumin,
ya taɓa kai albasa kasuwa?
Ba ta yi dariya ba.
Ta ciro biro, ta tambayi sunan ƙauyen.
Har yau ban san ko gyara na yi ba,
ko ɓarna.

Yanzu in magariba ta yi,
jemagu suka rufe saman Kejetia,
nakan ɗaga idon da ya rage.
Ba na ganinsa. An ce ba a gani,
ba a kuma jin ƙararsa.

Jiya na buga wa Labaran waya.
Na ce, na aika maka kuɗin fitila.
In kana tafe, dare ya yi tsit,
ka rage gudu, ka ɗan tura hularka baya,
a ga fuskarka.
Ya ce, wa zai gani?
Na ce, kai dai yi.

Na kashe wayar, na zauna a kan tsohuwar taya.
Ban san abin da zan roƙa ba
sai abin da na saba roƙa tun ina yaron shago:
Allah, kada ya ɗiga.