Jan Fensirin Kakana

A Alappuzha, inda kwale-kwale ya fi keke daraja,
damina kan buga rufin kwano kamar mai bin bashi.
Jarida kan iso kafin hantsi, gefenta a jiƙe,
a hammatar Kunjappan mai shayi.

Kakana Velayudhan ya yi shekara talatin da ɗaya
yana farautar kuskure a maɗaba'a.
Ya yi ritaya, idonsa bai yi ba.
Jan fensiri a bayan kunne,
tabarau ɗaure da zaren ɓawon kwakwa.
Yakan ce mini: Shylaja,
kanun labari ɗan kiran ciniki ne a bakin rumfa,
ihu aka ɗauke shi ya yi, ba rantsuwa ba.
Shiga ciki, ki taɓa hajar da hannunki.

Ina jin sa ne kamar yadda ake jin ruwan sama,
har wata Laraba.

JIRGIN FITO YA KIFE,
ANA FARGABAR MUTUM ARBA'IN SUN HALAKA.

Babana ne mai kula da injin jirgin.
Ludayi ya suɓuce wa innata cikin tukunyar shinkafa,
ba ta sunkuya ta ɗauka ba.

Kaka ya shimfiɗa takardar a kan benci.
Hannunsa na rawa, na gani,
amma ya zaro fensirin
ya kewaye kalma biyu: ana fargabar.
Wa ke fargabar? in ji shi. Ba su faɗa ba.
Ya gangara layi uku: wata majiya ta ce.
Majiyar da ba ta da suna
ba ta da kunyar da za ta ji gobe.
Wannan da ya ba da labari, ganau ne ko jiyau?
Yana kan ruwa, ko yana shan shayi a tasha?

Na nuna masa hoton, jirgi ya yi rub da ciki.
Ya ce: karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙasansa.
Daga taskarmu.
Jirgin bara ne, yarinya, ba namu ba.

Sai can gindi,
inda idon mai gaggawa ba ya kaiwa,
akawun tasha, da sunansa da muƙaminsa,
ya ce tikiti goma sha tara ya yanka.
Kaka ya ja layi biyu a ƙarƙashi.
Wani lokaci, in ji shi, magana kan kwanta a ƙasa
kamar sukari a kofin da ba a juya ba.
Bai ce mini babana na raye ba.
Takardar ba ta faɗa ba, shi ma bai ƙara mata ba.

Da yamma lis baba ya shigo,
takalmi ɗaya, warin dizal da laka.
Mutum biyu ba su koma gida ba.

Washegari, shafi na goma sha ɗaya,
ƙarƙashin tallan man gashi,
gyara ya fito, bai fi kwalin ashana ba.
Sunaye biyu. Ɗaya na Thankamma mai ƙwan agwagwa,
an cinye mata harafi ɗaya.
Na ce: ai biyu ne kawai, kaka, ba arba'in ba.
Ya dube ni ta saman tabarau:
kar ki kai wannan kawai ɗin ƙofar gidansu.
Ya mayar da harafin, ya ɗauki lema,
ya taka cikin ruwa har ofishin jaridar.

Yau labari a waya yake zuwa mini,
ba gefen da za a yi rubutu.
Fensirin na cikin jakata,
ya gajarce, bai kai ɗan yatsa ba.
In aka turo mini ihu da tsakar dare
nakan laluba shi a duhu,
in karanta har gindi,
kafin in tashi kowa.