Taku Bakwai

Shekara talatin da ɗaya
ina zaune bayan sitiyari.
Kujerar bas ɗin Montebideyo ta san bayana
fiye da yadda gadona ya san shi.
Ran da na miƙa makulli
likita ta dubi ƙafafuna ta ce,
"Yamandu, waɗannan sun manta da kai.
Tsaya da ƙafa ɗaya mu gani."
Ban kai ƙirga uku ba na dafe bango.

A lambun bakin kogin nan
da ba a hango ɗaya gaɓarsa,
Maite, 'yar maƙwabcina, kan zo ran Asabar da jaka a kafaɗa.
Sai ta naɗe bishiya biyu da tsohuwar darduma,
wai kada ɓawonsu ya ji ciwo,
ta ja igiya mai faɗin yatsu uku,
ƙarfen ɗauri yana ƙat, ƙat, ƙat,
har ta miƙe daidai gwiwata.

Na ce, "Wannan? Ai ko kaza ta tsallake."
Ta ce, "Cire takalmi."

Ashe hakin da ka raina.
Ina ɗora ƙafar dama
sai ta kama rawa ba kiɗa,
kamar keken ɗinki a hannun tela mai bashi.
Na ce, "Igiyarki ba ta ɗauru ba."
Ta ce, "Igiya ba ta da tsoro, Kawu.
Naka ne take maido maka."

Kada ka kalli ƙasa, in ji ta,
ƙasa tana nan, ba inda za ta.
Ga wani kulli can a jikin bishiya, kafa masa ido.
Ɗaga hannuwa sama da kafaɗa,
saki gwiwa,
miƙe tafin ƙafa ya bi tsawon igiya.
Kuma ka yi numfashi mana,
ka riƙe shi kamar kuɗin haya!

Na faɗi.
Ciyawa ta karɓe ni ba tambaya.
Na sake faɗi.
Ubaldo mai sayar da gyaɗa ya ajiye ludayinsa
don ya ji daɗin dariya da hannu biyu.
Na tashi da ganye a gemu,
na kurɓi shayin ƙoƙo mai ɗaci, na miƙa wa na kusa,
na koma.

Mako uku ban yi tafiya ba, tsayuwa kawai.
Hannuna bisa kafaɗar yarinyar,
sannan yatsu biyu,
sannan ɗan ƙaramin yatsa,
sannan wata safiya a cikin sanyin Yuli
na waiga in yi mata magana,
sai na gan ta can nesa tana ɓare lemo.

Dare kuwa cinyoyina suka dinga kai ƙarata,
da wani nama a ƙasan cibiya
wanda ban san ina da shi ba.

Na tuƙa mutum saba'in a titi mai santsi
ban taɓa jin nauyinsu ba.
Yau ni kaɗai ne fasinja,
kuma motar sai mita take.

Jiya na yi taku bakwai.
A na huɗu iskar kudu ta taso daga kogi,
igiya ta yi dama, na bi ta,
ta yi hagu, ban yi gardama ba,
sai ta lafa don kanta
kamar jaririn da ya ji bugun ƙirji.
Na biyar, na shida, ban san sanda suka wuce ba.
A na bakwai na tuna ana kallona,
nan take na sauka.

Bishiyar can har yanzu da sauran tafiya.
Maite ta ce wata biyu, Ubaldo ya ce sai baɗi,
har sun sa ƙunshin gyaɗa a tsakani.

Amma da asubar yau
na sa safa a tsaye, ƙafa ɗaya a sama,
bango yana kusa, ban taɓa shi ba.
Matata ta leƙo daga kicin,
ta ɗan jima tana kallo,
ta ce, "To, sai ɗayar."