Mai Riƙon Rajista

Ni ne mai zama a bayan taga
a asibitin gwamnati na Zomba.
Ni ba likita ba ne, ban yi karatun ba.

Biro gare ni da babban kundi:
suna, shekaru, ƙauye,
sai layin ƙarshe da ban taɓa son cikawa ba.

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta ciwon daji,
har idona ya haddace kamanninsa
tun mai shi bai buɗe baki ba.

In mace ce ta sauko daga motar Machinga,
zani biyu ta ɗaura, tana raɓe-raɓe,
bakin mahaifa ne. Ban cika kuskure ba.

Haka Esnart Kalonga ta zo ran Talata,
wata tara tana ɓoye zubar jini.
Ta ce, "Masara ce ban gama girbewa ba."

Aka yanki tsoka aka aika Blantyre.
Da sakamako ya dawo ya tarar da gadon,
bai tarar da ita ba.

In namiji ne, wuya kamar sillen kara,
da gwangwanin tofar da yawu a hannu,
maƙoshi ne, loma ba ta wuce ba.

Yohane Chimwala, masunci a tafkin Chilwa,
ya bar tuwo ya koma kunu,
ya bar kunu ya koma ruwa,
yau ruwan ma bai yarda da shi ba.

Akwai samari masu baƙin tabo a ƙafa,
da yara masu kumburin muƙamuƙi.
Shafin waɗannan ban cika buɗe shi ba.

Wani baƙo ya zo da kwamfuta daga birni,
ya ce in ba shi kashi cikin ɗari.
Na ba shi. Bai tambayi kuɗin mota ba.

Alhali kuɗin mota ke tsara kundina:
na kusa su zo da ƙari kamar gyaɗa,
na nesa sai ya kai girman gwanda,
na bayan dutse kuwa ba su iso ba.

Nasu shafin ya fi kowanne faɗi,
fari fat, ba a ɗiga masa tawada ba.

Jiya da yamma, ina shirin rufe taga,
sai ga ƙanwata Tiyamike a gabana.
Zani biyu ta ɗaura.
Na ɗauki biro, na ajiye, na sake ɗauka,
na tambaye ta sunanta
kamar ban san shi ba.