Daren Kwaɗi a Bakin Biebrza

Wata huɗu hunturu ya garƙame fadama.
Yau aka ɓalle kwaɗon ƙanƙara,
sai ga kwaɗi.

Leokadia ta ƙwanƙwasa mini taga da almuru,
bokiti a hannu, tocila ɗaure a goshi,
shekara saba'in da ɗaya, gwiwa ɗaya ta ƙarfe.
“Tymon, zura takalmin roba. Sun taso.”

Daga daji suka fito, tafki suka nufa,
inda aka ƙyanƙyashe su.
Kwalta ce ta gitta tsakani.
Ba su san mota ba,
motar ma ba ta san da zamansu ba.

Yayyafi, siriri kamar zare.
Ƙasa na warin ruɓaɓɓen ganye da sabon tsiro,
wari biyu a numfashi guda.
Na sunkuya.
Sanyi ƙalau a tafin hannuna, zuciya na bal-bal,
macen ta goyo namiji,
ya ƙanƙame ta, ko kunya babu.
“Haka Zenon yake,” in ji ta,
“shekara arba'in ina ɗauke da shi.”
Ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu.
Littafin ƙidayar nasa ne.
Rubutunsa ya tsaya a tsakiyar shafi,
nata ya ɗora daga nan.

Sittin da uku. Sittin da huɗu.
Bushiya ta fito daga barcin watanni
a rame, tana atishawa,
ta ratsa haskenmu ba sallama.
Can cikin kyauro wani abu mai girman doki
ya ja ƙafa daga laka, ya tsaya, ya saurare mu.
Muka kashe fitila.
Ban san tsawon lokacin da muka yi
mu uku muna numfashi ba.

Motar madara ta wuce ƙarfe uku.
Bakwai ba su tsallake ba.
Su ma ta rubuta su, a gefen shafi,
da ƙananan baƙaƙe.

Da asuba hazo ya kwanta kan ruwa,
tafki ya ɗauki guɗa, ƙasa-ƙasa,
kamar tukunya ta kusa tafasa.
Ɗari biyu da goma sha tara.
Bayana ya ƙage, yatsuna sun mutu.

Sai ƙaf-ƙaf-ƙaf daga kan turken lantarki.
Shamuwa!
Ta farko a bana,
fiffike duk dauɗar doguwar tafiya.
Ta gyara kara ɗaya a tsohuwar sheƙa,
ta sauko, ta taka ruwa a hankali
kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa.

“Leokadia,” na ce, “wahalarmu ce za ta karya kumallo da ita.”

Ta kife bokiti, ta zauna a kai,
ta zuba mana shayi, murfi ɗaya mu biyu.
“Tsallakarwa na ɗauka,” ta ce.
“Tsawon rai ba a hannuna yake ba.
Gobe ka zo da safar hannu.”